Manhajar da ke raina ƙaramar taga

Akwai wata kwamfuta da nake kula da ita a wani shagon sayar da intanet a Birnin Konni, ni kuwa a Tajaye nake kwana. Ba kullum ake samun man babur ba, shi ya sa ta salula nake leƙa ta: in buɗe manhajar Termux, in shiga ta SSH, in ga abin da ke cin ƙarfinta. Rannan gab da magariba mai shagon ya kira ni, ya ce na'ura ta yi nauyi, samari sun cika benci suna ta ƙorafi. Na kunna wata sabuwar manhajar sa ido, irin masu zane-zanen nan da launi kamar atamfa, sai ta ƙi nuna mini komai. Baƙin allo, da saƙo a tsakiya wai tagata ta yi kaɗan, sai an ba ta faɗin harafi 80 da tsawon layi 24. Na kwantar da wayar, faɗi ya samu, madannai kuma suka cinye tsawon. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa, raina ya ɓaci sosai.

Wannan yayi ne yanzu, kuma ban yarda da shi ba. Masu rubuta irin waɗannan manhajoji suna zuba ƙoƙarinsu kan ado, suna ɗauka kowa yana gaban babban allo.

Ba wai manhajar ba ta san girman tagar ba ne. Duk sanda aka ja taga, ko aka juya waya, ko madannai suka fito, tsarin Linux yakan aika mata da sigina mai suna SIGWINCH. Daga nan sai ta tambayi sabon faɗi da tsawo, ta share allo, ta sake shimfiɗa bayanai. SSH ma yana ɗauko wannan labari daga wayata ya kai Konni. Saƙo yana isa lafiya, abin da za a yi da shi ne ya rage ga marubucin. Shi kansa awon 80 da 24 ɗin gado ne: allon VT100 na 1978 haka yake, 80 ɗin kuma ta samo asali tun daga katin IBM mai huji na 1928. To don me za a hana mai waya a hannu ganin na'urarsa saboda awon kati mai kusan shekara ɗari?

Dubi htop, shi ma na sa ido ne, wanda Hisham Muhammad ɗan Brazil ya fitar a 2004. Matse shi yadda ka ga dama, zai datse gefen dama, ya rage layuka, ya bar ka ka gungura da kibiya. Ba ya da kyan gani a haka, na yarda, sunayen ayyuka sukan yanke a tsakiya. Amma yana aiki. Tsohon top, wanda William LeFebvre ya rubuta a 1984, shi ma ba ya korar kowa.

Abin da nake roƙo bai da yawa. In taga ta matse, a fara zubar da zane, a bar lambar aiki da sunansa da yawan abin da yake ci, ko da layi biyar ne.

A daren nan htop na koma. Na danna P, aikin da ya shaƙe na'urar ya hau layin farko da rabin sunansa, na kashe shi. Kafin a kira isha'i mai shagon ya turo saƙon murya, ya ce yara sun yi shiru.