Likitan da ya koya wa mai lafiya kwanciya ciwo

A shekarar 1963, Dakta Howard Barrows, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, ya rasa yadda zai auna ɗalibansa da mudu ɗaya. Wani ɗalibin ya dace da majinyaci mai bayani dalla-dalla, wani kuma ya faɗa kan wanda ciwo ya hana magana. Ga shi mara lafiya ba zai jure hannun ɗalibai goma a wuni ɗaya ba.

Sai Barrows ya ɗauko wata mata mai ƙoshin lafiya, ya koya mata zama mai shanyewar ƙafafu. Gwanintarsa tana cikin wannan koyarwa. Matar ta haddace tarihin ciwon, daga ranar da ya fara har yadda ya hana ta tafiya. Idan aka tsikare ta da tsinke a ƙasan inda jin jiki ya tsaya, ko gezau ba za ta yi ba. Da an haura wurin sai ta zabura. Idan aka karci tafin ƙafarta, babban yatsa ya ɗaga sama, kamar yadda yake yi in laka ta taɓu. Kuma ba ta ba da amsar abin da ba a tambaye ta ba: ɗalibin da ya manta zancen fitsari, haka zai fita bai ji ba. Abin da ta nuna wa na farko, shi za ta nuna wa na goma. Da ɗalibi ya fita, sai ta cike takardar abin da ya yi da wanda ya tsallake.

Da fari ba'a aka yi wa Barrows, wai ya mai da makarantar likitoci dandalin wasan kwaikwayo. Bai fasa ba. A 1964 shi da Stephen Abrahamson suka wallafa binciken. A 1975 Ronald Harden na Jami'ar Dundee ya fito da jarrabawar OSCE, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi na 'yan mintoci, kuma irin waɗannan majinyata suka samu gurbi a cikinta. Yau ɗaliban likitanci da na jinya a Najeriya ma suna yin ta.

Ɗalibin da ya manta wanke hannu, ko ya yi tambaya da gatsali, gara ya ji kuskurensa daga bakin wadda za ta sauko daga gado ta tafi gida da ƙafarta.