Ƙasar Helbetiyawa a Bakin Yuliyas Kaisar: Sharhi a Kan Shaidar Mai Nasara

Duk manazarcin da ke son sanin ƙasar Helbetiyawa, wata ƙabila ta Keltawa da ta zauna a inda Suwizalan take a yau, tilas ya fara da littafin da Yuliyas Kaisar ya rubuta a kan yaƙe-yaƙensa na ƙasar Gol. Matsalar ita ce, mai ba da shaidar shi ne wanda ya ci su da yaƙi a shekara ta 58 kafin Miladiyya.

Iyakokin da Kaisar ya zana ba su da abin zargi: Kogin Rayin, da duwatsun Jura, da Tafkin Janeba tare da Kogin Ron. Inda gizo ke saƙa shi ne awo. Ya ba ƙasar tsawon mil 240 na Rumawa da faɗin mil 180, wato wajen kilomita 355 da 266. Tsawon ana iya yi masa uzuri, amma filin da ke tsakanin Jura da duwatsun Alps bai kai ko rabin wannan faɗi ba. Abin mamaki, a wuri guda ya kawo wannan awo, ya kuma ce ƙuncin ƙasa ne ya sa suka yi ƙaura.

Haka nan batun garuruwa. A cewarsa, kafin su tashi sun ƙone birane masu ganuwa 12 da ƙauyuka 400, bai kuwa ambaci sunan ko ɗaya ba. Masu tonon kufai sun sami alamar gobara a tsaunin Vully, amma ba su haɗu a kan shekararta ba, sauran kufan kuwa galibinsu ba su nuna toka irin wannan ba. Ina tokar ƙauyuka 400 ta shiga?

A ganina, amsar tana ga masu sauraronsa. Kaisar ya fita da runduna daga lardin da aka ba shi, yana kuwa bukatar hujja a gaban majalisar dattawan Rum. Jama'a 368,000 da suka ƙone gidajensu don kada su waiwayo hujja ce mai ƙarfi, balle ga Rumawa da ba su manta da kashin da wani reshe na ƙabilar, Tigurini, ya ba su a shekara ta 107 ba. Saboda haka ina karɓar koguna da duwatsunsa, domin suna nan ana iya zuwa a duba. Lissafinsa kuwa sai in ajiye shi gefe har ranar da kufai suka gaskata shi.