Wa Zai Biya Marubucin Faskari?

A watan Satumba na 2025 kamfanin Anthropic na Amurka ya amince zai biya dala biliyan 1.5, saboda ya kwaso littattafan mutane daga rumbunan sata na intanet lokacin da yake gina na'urarsa ta ƙirƙirarriyar basira. Kowane littafi zai tashi da kimanin dala 3,000. Wasu 'yan uwa marubuta sun yi ta murna, wai an fara ƙwato wa alƙalami haƙƙinsa. Ni kam ban ga abin murnar ba tukuna.

Kafin littafi ya shiga rabon, sai yana da lambar ISBN ko makamanciyarta, kuma an yi masa rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Amurka. To, mu dubi namu. Tun zamanin Raina Kama da Kukan Kurciya, da yawa daga littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano haka suke fitowa, ba lamba ba rajista, wani ma ko shekarar bugu babu. Yau abin ya ƙara lalacewa. Yarinya a Faskari ko Sabuwa za ta rubuta dogon labari a wayarta, ta riƙa sakinsa kashi-kashi a WhatsApp, wani ya tattara ya ɗora a intanet, wani ya karanta a YouTube ya ci kuɗin talla, sunanta kuwa ya faɗi a hanya. Duk abin da ke zube haka, na'ura na iya lashe shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ce aiki na mai shi ne ko bai yi rajista ba. Haka ne. Amma wa zai kai ƙara Kalifoniya daga Faskari, kuma da wace takarda?

Akwai kuma ɓarnar da marubuci ke yi da hannunsa, ita ce ma ta fi damuna. Yankin nan ya ga abin da ya gani. Ɗalibai sama da 300 da aka sace a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 misali ɗaya ne kawai. Matasanmu na rubuta irin waɗannan labarai, kuma ya kamata su rubuta. Sai dai marubuci zai zauna da matar da aka sako daga daji, ta ba shi labarinta bisa amana, har da sunan ƙauye da na wanda ya kai kuɗin fansa, shi kuma ya kwashe duka ya zuba wa ChatGPT don a gyara masa jimloli. Alhali kamfanin OpenAI da kansa ya bayyana cewa yana iya horar da na'urar da hirarrakin mutane, muddin ba su kashe wannan zaɓin ba. Baiwar Allah ba ta san sirrinta ya tsallaka teku ba, ba a kuma shawarce ta ba.

Gyaran ma bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa Hausar da ke dawowa tana da ƙashin Turanci, an goge karin harshen matar da shirun da take yi kafin ta ambaci wanda aka kashe, an bar jimloli masu santsi da kowa zai iya faɗa.