Sawun Hannu a Jikin Bango

A 1967 wani ɗalibi ɗan shekara 22, Richard Long, haifaffen Bristol ta Ingila, ya shiga wani fili a yankin Wiltshire, ya yi ta kai da komowa a kan layi ɗaya har ciyawar wurin ta kwanta. Ya ɗauki hoto ya yi gaba. Ciyawa ta miƙe abinta, hoton kuwa ya zama mafarin sunansa a duniya. A 1988 ya jera duwatsu a tsaunukan Hoggar na Saharar Aljeriya, a 1989 aka ba shi kyautar Turner. Aikinsa da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda yake ɗebo taɓon kogin Avon ya shafe bangon ɗakin baje koli da tafin hannu, ana ganin sawun yatsunsa. Ranar da na fara ganin hoton wannan aikin, ina zaune a ƙofar gida a Hayin Banki da ke Kaduna, abin da ya fito daga bakina shi ne: ai wannan yaɓe ne.

Kaduna ba garin da za a nemi irin wannan gado ba ne. Turawa suka kafa ta, ta zama hedikwatar Arewa a 1917, ba ta da ganuwa, ba ta da tsohuwar fada. Unguwarmu bulo ne da kwano. Sai a lungu kake cin karo da tsohuwar katangar ƙasa da aka lulluɓe da siminti, simintin ya ɓare, jar ƙasa ta leƙo. Amma tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci ta kai ka Zariya, inda sana'ar ginin ƙasa ta kai maƙura.

Maginin Hausa da ƙasar wurin yake aiki. Kududdufin da ke bayan gari shi ne ramin da gidajen suka fito. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, a mulmula tubali da hannu a shanya. Azara daga giginya take, don gara ba ta cinta da sauƙi. Da ita ake ɗaura bakan gizo, a tayar da rufi ba ginshiƙi a tsakiya. Maganin ruwan sama kuma sauran sana'o'i ke bayarwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso daga katsin marina da gashin majema da dafara. Wato bango ɗaya ya haɗa marini da majemi da mai itace. Kafin yaɓen ya sha iska sai mai zane ya bi da yatsa ko wuƙa ya fitar da dagi da sauran zayyana a fuskar zaure, zankwaye na tsaye a sama. A tsakiyar ƙarni na 20 masu zanen Zariya har keke da mota da jirgin sama suka riƙa fitarwa a bango. Wasu na ganin hakan lalacewar al'ada ne. Ni ina ganin alamar sana'a mai rai ce, wadda idonta ke kan titi.

Sunan da ba a tsallakewa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin. Wanda ya tsaya ƙarƙashin bakunan masallacin ya ɗaga kai, ya san mutumin ya wuce mai tare rana da ruwa kawai.

To, a nan hanyar magini da ta Long ta rabu, kuma kada kamannin taɓo ya ruɗe mu. Long ya zaɓi aikinsa ya shuɗe. Idan an gama baje koli ana iya shafe bangon da fenti, domin hoto da littafi da suna sun riga sun adana masa komai. Magini bai zaɓi haka ba. Kokawa yake yi da damina, kuma ya san ba a kayar da ita sau ɗaya. Shi ya sa ginin ƙasa ba ya ƙarewa ranar da aka ɗora indararo. Kowane rani sai an sake yaɓe, an toshe tsaga, hannun bana ya hau kan na bara. Gidan da aka daina yi wa haka, ko shekara ɗari ya yi, damina kaɗan ta ishe shi. Aikin Long na mutum ɗaya ne da kyamararsa. Na magini yana rataye a wuyan magada.

Shi ya sa adana ginin ƙasa ya zama ciwon kai. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe abin da ya rage na ginin Babban Gwani. An tsirar da bakunan, amma an raba su da rana da iskar da aka gina su dominsu. Wanda ke son ganin surar tsohon masallacin ta waje sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka yi kwaikwayonsa bisa awon da Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Poland, ya yi. Siminti a kan ƙasa kuwa, irin na lungunanmu, yaudara ce: yana kulle danshi a ciki, bango ya ruɓe ta baya, waje na sheƙi.

A ƙauyen Yaama na jihar Tahoua a Nijar an bi wata hanya. Falke Barmou, manomi kuma magini, ya gina wa garin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'a suna kawo ruwa da itace da tubali. Da lokacin gyara ya yi a 1975, bai tsaya ga toshe tsaga ba, sai ya sake rufin ya ɗora tulluwa. Daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, shekara uku kafin Long ya karɓi tasa a Landan.