Jinjina ga Ma'aurata Masu Ɗaukar Hoton Biki

Ɗaukar hoton biki sana'a ce da ta dace da haɗin hannun miji da mata, musamman a Birnin Kebbi, hedikwatar Jihar Kebbi tun 1991, da Argungu, garin Kabawa. Dalili kuwa shi ne, hidimar aure kashi biyu ce.

Ana ɗaura aure a masallaci ko ƙofar gida, inda waliyyi da wakili da shaidu ke zama, a biya sadaki, a raba goro. Nan fagen maigida ne. Kamu da sa lalle da kai amarya kuwa sha'anin mata ne, kuma a gidaje da dama baƙon namiji ba ya wuce zaure. Nan uwargida ke shiga da kyamararta, amarya da ƙawaye su saki jiki.

Bayan taro ya watse, sai aiki ya koma kan kwamfuta: tantance hotuna, gyara haske, haɗa albam, da aika wa dangi na nesa ta WhatsApp. Baya ga hidimar aure, a Argungu, bikin kamun kifi da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana ƙara wa masu hoto kasuwa a bakin kogin Matan Fada.

Ginshiƙin sana'ar shi ne amana. Hoton iyalin mutane ba ya fita sai da izininsu. Ma'auratan da suka riƙe wannan ƙa'ida sun cancanci jinjina, domin suna adana tarihin gidaje, suna kuma rufa wa kansu asiri da guminsu.