Tauraruwa Mai Bin Diddigi: Tarken Halin Maomao da Darasinsa ga Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne feɗe halin wata tauraruwa daga adabin Japan na zamani, wato Maomao, sannan a auna ta da taurarin ƙagaggun labaranmu na Hausa. Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da adabin Japan? Amsa ita ce, a cikin ɗaliban da muke koyarwa, har da masu zuwa daga Gaya da Ajingi, akwai masu kallon fina-finan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, a wayoyinsu. Abin da ɗalibi yake kashe dare yana kallo kuwa, ya kamata malamin adabi ya san shi, ya kuma iya tarkensa.

Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, jaruntar Maomao ta ginu a kan abu biyu: sanin dalilin cuta, da iya bambance abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata. Za kuma mu nuna cewa irin wannan mace tana nan a cikin al'ummarmu, marubutanmu ne ba su ba ta wurin da ya dace da ita ba.

2.0 Asalin Labarin

Sunan labarin da Japananci Kusuriya no Hitorigoto, wato zancen zucin mai magani, da Ingilishi kuma The Apothecary Diaries. Natsu Hyuga ce ta fara sakinsa kashi-kashi a intanet a 2011. A 2014 kamfanin Shufunotomo ya fara buga shi a jerin ƙananan littattafan nan masu sauƙin harshe da 'yan zane-zane, waɗanda ake yi domin matasa, Touko Shino kuma ta yi zanen. A 2017 aka fitar da shi a labarin zane iri biyu. Fim ɗinsa na zane ya fara fita a watan Oktoba na 2023, zango na biyu kuma a watan Janairu na 2025, kowane zango kashi 24.

An gina labarin a wata ƙagaggiyar daula mai suna Li, wadda aka kwaikwayo daga daulolin ƙasar Sin na dā. Akasarin abubuwan suna faruwa ne a cikin gidan sarki, inda mata da babanni kaɗai suke zaune. Zubinsa zubin labarin bincike ne: wani abin ɗaure kai ya auku, mutane su yi ta raɗe-raɗi, tauraruwa ta tattara alamu ta warware. Ƙananan matsalolin nan kuma a hankali suke ƙulluwa su zama babbar matsala guda.

3.0 Siffar Tauraruwa

Maomao yarinya ce 'yar shekara 17. Ta tashi a unguwar karuwai ta babban birni, a hannun Luomen, wani tsohon likitan fada da aka kora, wanda ya koya mata haɗa magani. Wata rana ta fita neman ganyaye sai aka sace ta, aka sayar da ita ga gidan sarki, ta zama mai wanki. Mai karatun Hausa ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin da satar yaro aka ƙulla Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Abin lura a nan shi ne yadda marubuciyar ta tuɓe wa tauraruwarta duk kayan adon da aka saba yi wa taurari mata. Siririya ce, ba ta da wata ƙira ta a zo a gani. Da gangan take ɗiga wa fuskarta tabo don kada maza su kula ta. Ta iya karatu amma ta ɓoye, saboda in aka ƙara mata matsayi, waɗanda suka sace ta ne za su ci ribar ƙarin albashin. Hannunta na hagu kullum a naɗe yake, domin a nan take gwada dafi da magunguna. Jinshi, kyakkyawan jami'in da yake kula da cikin gida, wanda matan fada suke rububinsa, ita kallon ƙyama take yi masa. Abin da yake sa idonta ƙyalli shi ne baƙon ganye ko sabuwar guba.

Wato dai an kawar da kyau da soyayya daga tsakiyar labari, an dasa sana'a a wurin. Duk ƙimar da Maomao ta samu a fada, daga mai wanki zuwa mai ɗanɗana abincin uwargijiyarta Gyokuyou, iliminta ne ya jawo mata.

4.0 Warwarar Jigo: Hoda da Zuma

Misali biyu sun isa su nuna jigon labarin. Na farko shi ne buɗe labarin kansa. 'Ya'yan sarki suna mutuwa tun suna jarirai, bayin gida suna cewa la'ana ce. Jarirai biyu suna kwance: ɗan Lihua da 'yar Gyokuyou. Maomao ta ji alamun ciwon, wato rama da ciwon kai da ciwon ciki, ta kuma ga farin da ke fuskar Lihua, sai ta tuna karuwan da ta ga farar hoda mai dalma ta kashe a unguwarsu. Ta rubuta gargaɗi a ƙyalle ta ajiye wa matan biyu a ɓoye. Gyokuyou ta ji gargaɗi 'yarta ta rayu, a ɓangaren Lihua aka yi watsi da shi yaron ya rasu.

A nan marubuciyar ta yi gwaninta. Gidan cike yake da kishi, kowa kuma yana jiran a ce kishiya ce ta yi aikin. Sai ga shi makashin yana cikin kayan kwalliyar da uwa take shafawa da hannunta don ta faranta ran mijinta. Babu mugu a wannan kashi, rashin sani ne ya yi kisa.

Misali na biyu ya fi tsuma rai. Fengming, amintacciyar hadimar Ah-Duo, 'yar gidan masu kiwon zuma ce. Shekaru da dama da suka wuce ta riƙa ba jaririn da uwargijiyarta take raino zuma da niyyar ƙara masa lafiya, jaririn ya mutu. Daga baya ta gane zumar ce sanadi, don haka ta nemi kashe Lishu, wata ƙaramar matar sarki, wadda ita ma zuma ta taɓa kusan halaka ta tana jaririya, don kada asiri ya tonu ta bakinta. Likitocin yau sun tabbatar da wannan: zuma tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya kashewa, shi ya sa ake hana ba da ita ga wanda bai cika shekara ɗaya ba.

Da Maomao ta gano gaskiya ba ta yi shela ba. Ta sami Fengming su biyu, ta nuna mata hanyar da za ta amsa laifin sa guba ba tare da Ah-Duo ta san maganar zuma ba. Wannan shi ne rabi na biyu na jaruntarta. Luomen ya hore ta da kada ta faɗi abin da zato ne kawai, daidai da maganar Hausawa cewa zato zunubi. Ta kuma san cewa a fada kalma ɗaya daga bakinta tana iya sa a fille kan baiwa. Saboda haka sau da yawa takan faɗi yadda abu ya auku, ta kame bakinta game da wanda take zargi. Mai bincike a labaran Turawa, irin su Sherlock Holmes, ɗan gari ne mai 'yanci, yana iya nuna mai laifi ya koma gida ya kwanta. Maomao kuwa hadima ce, dole ta auna gaskiya da abin da faɗarta zai jawo mata da wasu. A ganina wannan ne ya ba halinta nauyi.

5.0 Inda Labarin Ya Yi Rauni

Tarke ba ya cika sai an faɗi aibi. Na farko, daga baya an bayyana cewa Maomao 'yar Lakan ce, babban mai tsara dabarun yaƙi na daular, Luomen kuma ɗan wannan gida ne. Wannan ya rage wa jigon ƙarfi, domin mai karatu yana iya ɗauka basirar gado ce ta manyan gida, alhali da farko an nuna masa koyo da lura ne suka haifar da ita. Tsohuwar dabarar tatsuniya ce, wadda marainiya takan zama 'yar sarki a ƙarshe.

Na biyu, ilimin da aka ɗora mata wani lokaci ya wuce zamanin da aka siffanta, har mai karatu ya ji muryar marubuciyar ƙarni na 21 a bakinta. Likitan cikin gida kuma an mai da shi sakarai don haskenta ya ƙara fitowa, wanda hanya ce mai araha ta ɗaukaka tauraro.

Na uku, an mai da gwajin guba a jikinta abin dariya, musamman a fim. Malamin da zai tattauna labarin da matasa ya wajaba ya ja kunne a kan wannan. Sai dai a yaba wa marubuciyar a kan unguwar karuwai, domin duk da adon da zane ya yi wa wurin, ba ta ɓoye ƙarshen mahaifiyar Maomao ba, wadda ciwon tunjere ya cinye.

6.0 Maomao a Ƙasar Hausa

Idan muka waiwayo gida, sai mu ga duk kayan ginin wannan labari muna da su. Ta fuskar wuri, Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya fara kulle, ya kuma ba babanni sarauta. Heidi Nast, a littafinta na 2005 a kan ƙwaraƙwaran fadar Kano, ta nuna irin rawar da suka taka wajen sarrafa hatsi da rini. Ga kuma jakadiya, wadda take shiga inda namiji ba ya shiga.

Ta fuskar matsala kuwa, tamu ta fi ta littafi muni. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga jikin yara. Sai da aka auna jini da ƙasa aka gane sanadin. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi diddigi aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Tun a shekarun 1970 kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Kowanne daga cikin waɗannan labarin bincike ne cikakke, kuma a kowanne, kamar hodar Lihua da zumar Fengming, hannun masoyi ne ya miƙa cutar.

Ta fuskar tauraruwa fa? Duk wanda ya san ƙauyukan Gaya da Ajingi ya san ungozoma, ya san tsohuwa mai saiwoyi da sassaƙe wadda ake kai wa yaro in ya kwana yana kuka, ya kuma san ma'aikaciyar ƙaramin asibiti da take zama tsakanin maganin gida da na likita. Su ne suke shiga ɗakin mai jego, su suke ganin abin da aka ɗura wa jariri. Tarihin baka ya adana mana cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙarsa, wato an tuna da sana'ar maza. Sana'ar waɗannan mata kuwa ba ta sami mai waƙe ta ba.

Ba a ce marubutanmu ba su ɗaukaka mace mai ilimi ba. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Abu ta tsere wa auren dole ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Amma a nan ilimi shi ne ladan da tauraruwa ta samu a ƙarshen wahala. A wurin Maomao ilimi shi ne makamin da labarin yake tafiya da shi tun daga shafin farko, mai karatu yana ganin yadda ake aiki da shi. Bugu da ƙari, a yawancin littattafan soyayya da fina-finanmu, da zarar ɗan amarya ya kwanta ciwo, an san inda za a dosa: uwargida ta je wurin boka, asiri ya tonu, alhaki ya kama ta. Ba muhawara a kan samuwar sihiri ta kawo mu ba, maganar adabi muke yi. Labarin da kullum yake warware ciwo da sammu yana koya wa mai karatu ya zargi mutum kafin ya duba tulu da kwalba da abin da aka ba yaro. Illar wannan biyu ce: a ɓata zumunci a kan zato, sannan a bar ainihin sanadin yana nan yana jiran yaro na gaba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa Maomao tauraruwa ce da aka gina a kan sana'a da lura da kame baki, mun kuma ga inda marubuciyar ta kauce wa jigonta. Ba muna kira a kwafo fadar Li a dasa a Kano ba ne. Shawarar takardar ita ce, malaman da suke koyar da ƙagaggen labari a kwalejojin ilimi su jarraba sa ɗalibai rubuta gajeren labarin bincike, wanda tauraruwarsa ungozoma ce ko ma'aikaciyar asibitin ƙauye, matsalarsa kuma daga abin da suka sani a garuruwansu, bisa sharaɗi guda: a warware ta da hujjar da mai karatu zai iya bi da hankalinsa. Ɗalibin da ya koyi rubuta irin wannan labari ya koyi tambayar dalili, shi ne kuma zai shiga aji gobe ya koyar da 'ya'yanmu.