Wai Hamada Ce Ke Kwararowa?

Ƴan uwa, na karanta ɗan littafinmu da ya fito kafin hutu daga bango zuwa bango, kuma wani abu ya tsaya mini a wuya. Rubutu huɗu suka taɓo zancen ƙasa da itatuwa, biyu waƙa, biyu zube, kuma duka huɗun sun ce "kwararowar hamada". Ɗaya daga ciki nawa ne. Don haka kada wani ya ce na ɗauko bulala saboda bayan wasu, nawa bayan zan fara tsulawa.

Hoton da muka zana iri ɗaya ne: ga rairayi can ya taso daga wajen Agadas kamar rundunar yaƙi, yana haɗiye gonaki, mu kuma muna kuka. A waƙa abin yana da daɗin ji, ban musa ba. Amma ina muka samo shi? A rediyo muka ji, a jawaban manya muka ji, a aji kuma aka ba mu désertification muka haddace don jarrabawa. Babu ɗayanmu da ya tsaya ya dubi bayan garinsu kafin ya rubuta.

Ni daga wani ƙauye nake kusa da Keita. Da na je hutu na karanta wa kakata abin da na rubuta, ina jiran yabo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce: "Wace hamada, ɗan nan? Hamada tana can wurinta. Mu hwako yac ci mu. Icce anka sare, ruwa yaz zo yak kwashe ƙasa, yab bar muna tsakuwa." Na ji kunya, domin a numfashi ɗaya ta faɗi abin da shafi biyu nawa suka kasa faɗi.

Fako, ko hwako yadda muke cewa a Adar, ba hamada ba ne. Ƙasa ce da ta rasa abin rufa. Idan babu ciyawa babu ganye, ɗigon ruwan sama yana dukan ƙasa kai tsaye, ya niƙe samanta, ya toshe ƴan ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga ciki. Rana ta fito ta gasa wurin ya yi ɓawo. Ruwa na gaba ba ya samun mashiga, sai ya zame ya gangara. Ƙasarmu kuwa ta tuddai ce da duwatsu, don haka yana gangarowa yana ƙara gudu, ya yanke gefen dutse ya yi kwazazzabo, ya kwaso yashi ya zube kan fadama. Ƙoramar da a da take malala ta shayar da fadama sai ta haƙa wa kanta rami mai zurfi ta wuce da ruwan duka, rijiyoyi su yi ƙasa. Wato a ƙasar da muke kukan fari, ruwa ne babban ɓarawon gona. Ku sake duba rubutunmu huɗu, ba za ku tarar da wannan ruwan ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ilimin da muke taƙama da shi yana bayan kakata, ba ya bayanmu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1994 ta fassara désertification da lalacewar ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa, sakamakon sauyin yanayi da ayyukan mutane. Babu tafiya a ciki, babu kwarara. Zancen nan na "hamada tana cin kilomita kaza kowace shekara" ya samu ƙarfi ne daga wani bincike da Hugh Lamprey ya yi a Sudan a 1975, inda ya ce gefen Sahara yana matsowa kudu fiye da kilomita 5 a shekara. A 1991 Compton Tucker na NASA da abokan aikinsa suka fitar da abin da hotunan tauraron ɗan adam suka nuna: iyakar tana yin kudu a shekarar fari irin 1984, ta koma arewa idan damina ta yi kyau. Mai fassarar farko da ya ce "kwararowa" ya ɗauko tsohon zato ne ya sa masa rigar Hausa, mu kuma muka gada.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ba kalma ce kawai ba? Ai sunan cuta shi ke zaɓen magani. Wanda ya yarda abokin gaba daga arewa yake tahowa, ganuwa zai gina. Ko Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da wannan hoton ta fara, daga baya masu aikin suka karkata ga gyaran ƙasa wuri-wuri. Mu ma haka muke kowace 3 ga Agusta: a jera mu, a dasa, a ɗauki hoto, kafin kaka akuya ta gama da rabi. Mun yi yaƙi da hamada ke nan, sai baɗi.

Wanda kuwa ya ce fako ne, tambayarsa ita ce yaya za a tsai da ruwa inda ya faɗi. Wannan tambayar furojen Keita ya yi. An fara shi a 1984, shekarar da aka yi babban taron Maraɗi kan wannan matsala zamanin Seyni Kunce, da kuɗin Italiya, da hannun FAO, da abincin PAM a matsayin ladan aiki, daga baya ya kai har Buza. Maza da yawa sun tafi bida, mata ne suka fi yin aikin, kakata na cikinsu. Sun ɗauki duwatsu a ka, sun jera su a kan fako don su tare gudun ruwa, sun haƙa ramuka a jikin tuddai aka sa itace a ciki, an datse ƙoramu don ruwa ya koma malala kan fadama. An dasa itatuwa wajen miliyan 18. Ina iya sukar furojen ta wasu fuskoki, musamman yadda kula da wasu ayyukan ta yi rauni da abinci ya tsaya, amma ba su yi kuskuren gane cutar ba.

Haka tassa. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka. Ɗan rami ne, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a zuba taki. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya. Har ta kai mutane suna sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. Wa zai sayi hamada?

Akwai kuma wasu kalmomi biyu da muka cakuɗa a rubutunmu, dashe da toho. Duk inda muka so mu ce itatuwa su dawo, "a dasa" muka ce. Alhali mafi yawan itatuwan da suka dawo a kudancin Nijar ba dasa su aka yi ba. Kututturen da ke cikin gona yana da rai, saiwarsa tana ƙasa, kowace shekara yana toho ana sassabe shi. Sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983, cewa ya yi a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a sasshe sauran. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ga gawo nan shaida, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Babu mawaƙinmu da ya ambace shi, sai "koren daji" da ba mu san ko na wace ƙasa ba ne.

Kada in yi zalunci. Iska gaskiya ce, kuma ƴan Buza da ke cikinmu za su ce mini rairayi yana tafiya, sun gani da idonsu. Haka ne. Shi ya sa tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka jera layukan bedi bibbiyu a kwarin Majiya, mita 100 tsakanin layi da layi, don karya ƙarfin iska. Sai dai yashin da ke binne shuka yawanci na jigawar maƙwabta ne da aka tsiraita, ba baƙo ba ne daga Tenere.

Kuma ban ce kakata ta san komai ba. Akwai abin da harshenmu bai riga ya raɗa wa suna ba. Babban darasin Keita shi ne bassin versant: duk faɗin ƙasar da ruwanta ke taruwa ya bi ƙorama ɗaya, tun daga kan dutse har fadama. Mai albasa a kwarin Tarka wajen Madawa da mai saran icce a kan tudu, igiya ɗaya ta ɗaure su ko ba su san juna ba. Muna da sunan tudu, da jigawa, da fadama, da ƙorama, amma na rasa kalma ɗaya da ta tattara su. Ni dai "ƙwaryar ruwa" nake cewa, tunda duk abin da ya zuba a gefen ƙwarya tsakiyarta yake nufa. Wanda ke da wadda ta fi, bismilla. Ita kuwa "muhalli" mun ɗora mata kayan jaki uku: ita ce environnement, ita ce écosystème, ita ce habitat. A rubutuna na yi amfani da ita sau tara, kuma da na sake karantawa ni kaina ban san wanne nake nufi a wurare huɗu ba.

Na gaya wa kakata zancen ƙwaryar ruwa. Ta yi shiru kaɗan, ta ce ba laifi, amma ƙwaryar tamu fasasshiya ce, in je in tambayi masu ɗinkin ƙwarya yadda suke kiran tsagar. Ban samu zuwa ba kafin hutu ya ƙare. Duk wanda zai je gida kafin fitowa ta gaba, don Allah ya tambayo mana, ya haɗo da sunayen ƙasa da ake faɗi a garinsu, mu buga su a shafin ƙarshe.